Salon haruffan da na saya ba shi da ƙ da ɗ: in cire ƙugiya ko in canza salo?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don abin ya tsaya mini a wuya tun shekaranjiya. Ina haɗa wa wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda shafin intanet, kuma komai da Hausa yake so, tunda masu sayen kayansa mata ne na Kano da Katsina da Maraɗi. Na sayi wani salon haruffa mai kauri, mai kyan gaske, da kuɗina, na sa shi a kanun shafin. Babban kan da ke sama cewa yake "Ƙayatattun kaya, farashi mai sauƙi". Da na buɗe a waya sai na ga Ƙ ɗin farko siririya kamar tsinke a gaban sauran haruffa masu ƙiba, ƙ ɗin "sauƙi" ma haka, ta ɗan nutse ƙasa da layi. A wayar yaron shagon kuwa ɗan akwati ne ya fito a gurbin alamar naira. Alhaji ya gani ya ce in cire ƙugiyoyin kawai, ai kowa zai gane. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Me kuke gani?

Injiniya Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ba laifin wayar ba ne, ba kuma na kod ɗinka ba. Wanda ya zana salon nan bai zana Ƙ da ƙ ba, shi ke nan. Idan burauza, wato manhajar buɗe shafin intanet, ta zo kan harafin da babu shi a fayil ɗin da ka ba ta, sai ta bi jerin salon haruffan da ka rubuta a font-family ɗaya bayan ɗaya, in ba ta samu ba ta ari na cikin wayar. Shi ya sa ka ga harafi ɗaya bare a tsakiyar kalma. In ko na aron ma babu, sai akwati. Wannan akwatin ne ma ya sa Google ta raɗa wa nata tarin haruffan suna Noto, wato kada a ƙara ganin akwati.

Kafin ka sake sayen kowane salo, liƙa wannan layin a wurin gwaji na mai sayarwa: Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ Ƴƴ ʼy ₦. In guda ɗaya ya bambanta da 'yan uwansa, ka mayar da kuɗinka aljihu.

Mai Zane:
Ni dai ina bayan Alhaji. A WhatsApp da Facebook mutum nawa ne ke sa ƙugiya? Kuma ana fahimtar juna lafiya lau. Shago ne fa, ba takardar jarrabawa ba. Salon da ya saya shi ne fuskar shagon, shi zai sa mace ta tsaya ta duba. In ya koma Noto shafin zai zama kamar na kowa. A rubuta "Kayatattun kaya, farashi mai sauki" a wuce wurin.

Malamar Hausa:
Ɗan uwa Mai Zane, ban yarda ba ko kaɗan. Ka dubi kalmar da ke cikin kan nan nasa: kaya. Kaya daban, ƙaya daban. Fada daban, faɗa daban. Saka daban, saƙa daban, kuma wannan shagon yadi ne, inda "saƙar hannu" ke ƙara wa kaya daraja. Kasa da ƙasa, baki da baƙi, kafa da ƙafa. In mai shago ya rubuta "muna maraba da baki", me ya ce?

Gaskiya ne babba yana cinkar ma'ana daga abin da ke gaba da baya. Amma ni da nake tsaye gaban allo kullum na san abin da hakan ke yi wa yara. Yarinya 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare ta kawo mini rubutu, shafi guda cur babu ƙugiya ko ɗaya, na ce me ya sa, ta ce haka take gani a waya. Ba gardama take mini ba, iyakar abin da idonta ya saba da shi ke nan. Ku masu haɗa shafuka ku ne allonsu yanzu.

Mai Zane:
Malama, na ji, kuma ban raina maganarki ba. Amma fa Alhaji ne ke biya, kuma ya riga ya faɗi abin da yake so.

Malamar Hausa:
Abin da Alhaji yake so shi ne shafinsa ya yi kyau. Cire ƙugiya ita ce hanyar da ya sani, shi ya sa ya faɗe ta. A nuna masa wata hanyar tukuna a ga ko zai ƙi.

Baba Na Maɗaba'a:
'Ya'yana, ku bari in sa baki, ko da yake aikin shafin intanet ba nawa ba ne, jikana ne ya shigar da ni gidan nan. Na yi shekaru ina aikin buga littattafai da katin biki da kalanda. Wannan matsala da kuke gani sabuwa, mu da ita muka tsufa. Zamanin tafireta, in aka gama buga takarda ta Hausa, sai mutum ya zauna da biro baƙi mai siririn baki yana bin layi-layi yana ɗora wa k da d da b ƙugiya da hannu. Shafi goma sai ya cinye maka yamma guda, ido na ruwa. Kuma ana yi, don a wurinmu takardar da ba a bi ta da biro ba ba ta gamu ba.

Haruffan nan tun shekarun 1930 aka tsayar da su, zamanin da Rupert East ke Hukumar Talifi a Zariya. Kafin nan ana lallaɓawa ne da ɗigo ko wata alama a gefen harafi. Da kwamfuta ta zo aka koma gidan jiya, sai da irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka zauna suka ƙirƙiro salon haruffa masu ƙugiya a shekarun 1990, muka samu sauƙi. Allah ya saka musu da alheri. To yau ga shi haruffan suna cikin wayar kowa kyauta, sai kuma mu ce mun gaji?

Ɗan Kwari:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi wannan magana ta shige ni. Ba zan cire ba. Yanzu dai yadda zan yi nake nema.

Injiniya Na Tudun Wada:
Tunda Baba ya taɓo zamanin da, akwai tarkon da ya kamata a sani. Yawancin salon Hausa na kafin Unicode ya bazu, wato tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, dabara aka yi: a ɗauki gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba a zana ƙ a wurin. A takarda lafiya lau. Amma in ka kwafo rubutun daga tsohon fayil na Word ka zuba a shafi, alamar asali ce za ta fito. Na taɓa karɓar aikin ɗora wa wata ƙungiya tsofaffin maƙalu, sai da na bi kowace alama na musanya ta da harafin gaskiya. Kada wanda ya ce zai magance wannan ta hanyar ɗora tsohon salon a shafi. Ido zai ga daidai, amma injin bincike da manhajar da ke karanta wa makafi shara za su gani.

Ga lambobin haruffanmu, ka adana su:
Ɓ U+0181, ɓ U+0253
Ɗ U+018A, ɗ U+0257
Ƙ U+0198, ƙ U+0199
Ƴ U+01B3, ƴ U+01B4
Alamar naira kuma U+20A6.

Ka lura da wani abu a jerin nan, don shi ke rikita mutane. Manyan baƙaƙen duka, da ƙ da ƴ ƙanana, suna unguwa ɗaya a Unicode, wadda ta fara daga 0180 ta ƙare a 024F. Amma ɓ da ɗ ƙanana suna unguwar gaba, ta alamomin masana furuci, wadda ta fara daga 0250. Saboda haka sai ka ga salo yana da Ɗ babba ba shi da ɗ ƙarama. Wani lokacin ma salon yana da su duka, amma an yanke su wurin rage nauyin fayil, ko kuma layin unicode-range, mai gaya wa burauza haruffan da za ta ɗauka daga fayil, da ka kwafo daga wani tsohon darasi ya tsaya a 024F. Duk wanda ya ga ƙ tana fita daidai amma ɗ da ɓ suna baƙunta, nan zai fara dubawa.

'Yar Sabon Gari:
Yaya Injiniya, wallahi abin da ya same ni ke nan wata biyu da suka wuce! Na yi kwana biyu ina zargin salon, ashe layin nan ne. Na ƙara 0253 da 0257, na sake yanka fayil ɗin da su a ciki, komai ya daidaita.

Ɗan Kwari, ga wuraren da nake gwaji. Akwai shafin Wakamai Fondue, ka jefa fayil ɗin ya nuna maka duk haruffan da ke ciki. Akwai kuma Hyperglot na kamfanin Rosetta, shi harsunan da salo ke iya rubutawa yake lissafa maka. Na kyauta waɗanda na tabbata suna ɗauke da namu: Noto Sans, Noto Serif, da na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, wato Charis da Andika da Gentium. Andika don masu koyon karatu aka zana shi, haruffansa ba sa kama da juna, na sa shi a shafin wata makarantar yara ya yi daidai.

Na Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Na ji daɗi da Injiniya ya sa ƴ a jerinsa, don sau da yawa mantawa ake da mu. Ku kuna rubuta 'ya'ya da 'yan kasuwa, mu a Nijar ƴaƴa da ƴan kasuwa muke rubutawa a boko. Ɗan Kwari ya ce akwai masu saye daga Maraɗi. Ko da kai ba ka rubuta ƴ a shafin ba, ran da wata ta rubuto tambaya a akwatin saƙo za ta fito. Harafi biyu ne kacal, ba za su ƙara wa fayil nauyin kirki ba. Sannan mu faransanci na cakuɗe da rubutunmu, sunayen unguwanni da adireshi, don haka kada a yanke é da è da ç.

'Yar Sabon Gari:
Tunda an zo kan 'y, akwai wata. In da manhajar haɗa shafi ta WordPress aka yi shafin, yana da al'adar gyara alamar da ke gaban y da kansa. In kalma ta fara da ita, kamar 'yan, sai ya ɗauka buɗe zance ake yi, ya juya ta baibai. Ƙaramin abu ne amma ido na kama shi. Ni U+02BC nake amfani da ita, don Unicode harafi ta ɗauke ta ba alamar zance ba, kalmar ba ta rabewa. Sai dai ita ma ba kowane salo ke da ita ba, a gwada.

Mai Zane:
To duk na ji. Amma har yanzu ba a amsa mini ba. Noto da Andika na karatu ne, ba na talla ba. Shagon atamfa yana son kai mai ɗaukar ido. Ina zai samu?

Injiniya Na Tudun Wada:
Tambayarka tana kan hanya. Hanya uku nake gani. Ya rubuta wa wanda ya sayar masa ya tambaya ko akwai wani zubi mai faɗi, ko za a ƙara masa haruffa takwas, don wasu masu zanen suna yi in an biya. Ko ya shiga Google Fonts ya liƙa kan nasa a wurin gwaji ya yi ta bi har ya samu mai kaurin da ya ɗauke su. Ko kuma ya ɗauki mai buɗaɗɗen lasisin da ya yarda a gyara salo, irin OFL, a zana masa ƙugiyar. Wanda ya saya kam kada ya taɓa cikinsa sai ya karanta lasisin, yawancinsu sun hana. Ko a OFL ɗin ma, in mai shi ya keɓe sunan, dole ka canza wa naka suna bayan gyara.

Kuma zana ƙugiya ba liƙa wutsiya ba ne. Na ga inda aka yi, ƙugiyar ɗ ta yi tsawo har tana karo da harafin da ke gabanta, "ɗl" babu a Hausa amma "ɗi" da "ɗu" suna ko'ina, ɗigon i yana shigewa ƙarƙashin ƙugiyar ya zama dunƙule ɗaya. Sai wanda ya san tazarar haruffa.

Sunan shagon kaɗai, in ana son shi da wancan salon, a zana shi a matsayin hoton tambari irin na SVG a sa masa bayanin rubutu a bayansa. Amma kada a mayar da kanun shafi duka hotuna.

Mai Gyaran Waya:
Ni ta wani ɓangare zan zo muku. Kullum wayoyin mutane na hannuna, na san abin da ke aljihun masu sayen atamfar nan. Da yawa ƙananan wayoyi ne, data ta naira ɗari ko ɗari biyu, layi yana zuwa yana ɗaukewa. Wasu da burauzar Opera Mini suke shiga, kuma in tana yanayin matse data sosai ba ta sauke salon da kuka ɗora ko kaɗan, na cikin wayar take nunawa. Masu yin alamomin kwando da waya da salon haruffa ma, a can akwatuna ne ke fitowa. Wasu matan kuma sun canza rubutun wayarsu zuwa irin mai kwalliya da fulawoyi, shi ma yawanci ba ƙugiya. Wannan ba ku da iko a kansa. Abin da nake cewa, a gina shafin yadda ko salon bai sauka ba za a karanta farashi a ga lambar waya.

Injiniya Na Tudun Wada:
Magana ta gaskiya. Ɗan Kwari, fayil nawa ka ɗora, kuma wane iri?

Ɗan Kwari:
Shida ne, Yaya. Siriri, matsakaici, mai kauri, da karkatattunsu. Duka TTF, yadda aka aiko mini.

Injiniya Na Tudun Wada:
Sun yi yawa. TTF na kwamfutarka ne. Na shafi WOFF2 ne, wanda aka matse da dabarar rage nauyin fayil ta Brotli, ya fi tsohon WOFF ƙanƙanta da kusan kashi 30 cikin 100, kuma tun 2018 ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta tabbatar da shi, duk burauzar zamani tana karantawa. Ka tsaya a biyu: na jikin rubutu ɗaya, mai kauri ɗaya. Sannan ka yanke abin da ba ka buƙata, don Noto cikakke yana ɗauke da haruffan Girka da na Rasha waɗanda shagon Alhaji ba zai taɓa amfani da su ba. Da manhajar pyftsubset ta cikin fonttools ake yi, ga umarnin:

pyftsubset salo.ttf --unicodes="U+0020-007E,U+00A0-00FF,U+0181,U+018A,U+0198,U+0199,U+01B3,U+01B4,U+0253,U+0257,U+02BC,U+2018,U+2019,U+201C,U+201D,U+20A6" --layout-features="*" --flavor=woff2

A cikin @font-face, wurin da ake haɗa salon da shafi a kod, ka sa font-display: swap. In ba ka sa ba, burauza tana iya ɓoye rubutun har daƙiƙa 3 tana jiran fayil, mace tana kallon farin shafi ta ɗauka ya lalace ta fita. Da swap rubutun zai fito nan take da na cikin waya, in naka ya iso ya maye gurbi. In tsallen da shafin ke yi lokacin musanyar ya dame ka, akwai optional, shi in fayil bai iso da wuri ba sai ya haƙura da shi a wannan shigar. Ka kuma sa lang="ha" a saman shafin, don burauza ta san na Hausa ne.

Fayil ɗin ka ajiye shi a sabar taka. Da can ana cewa a jawo daga Google don wataƙila mutum ya riga ya sauke shi a wani shafin, amma tun 2020 Chrome ta raba wa kowane shafi ma'ajiyarsa, wannan ribar ta tafi. Masu aiki da mutanen Turai ma su sani, a Janairun 2022 wata kotu a Munich ta Jamus ta umarci wani mai shafi ya biya diyyar yuro 100 saboda jawo haruffa daga sabar Google yana miƙa adireshin intanet na baƙonsa ba da izini ba.

Malamar Hausa:
Ƙaramin roƙo daga mai sa tabarau. Kada ku ƙanƙanta rubutu. Ƙugiyar ƙ da ɗ a sama take, siririya ce, in rubutun ya yi ƙanƙanta ko layuka suka matsu sai ta ɓace, ƙ ta koma k a ido. Kuma wannan toka-toka a kan fari da kuke yayi, mu ba ma gani a rana.

'Yar Sabon Gari:
Haka ne Malama. Jikin rubutu kada ya gaza 16px, tazarar layi kamar 1.5, bambancin launin rubutu da na bango kuma ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafi, ta ce aƙalla 4.5 bisa 1. Ɗan Kwari, in kana mayar da kanu manyan baƙaƙe da kod ɗin CSS mai tsara kamannin shafi, ka duba Ɗ da Ɓ, nan ma suna tona asirin salo.

Alaramma Mai Kwamfuta:
Allah ya gafarta malamai, ku ba ni layi biyu kan ajami, tunda an taru. Masu ɗora waƙoƙi da wa'azi da ajami suna fama fiye da ku. Salon Larabci na gama-gari ba ya ba da hannun da muka saba da shi a allo, fa mai ɗigo a ƙasa, ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama. SIL sun yi Alkalami bisa rubutun Kano, sun kuma yi Harmattan don harsunan Afirka ta Yamma, duka kyauta. Unicode ma ta ƙara fa da ƙaf da nun irin namu a 2016. Sai dai wanda zai rage nauyin fayil na ajami ya yi hattara, in ya zubar da dokokin haɗa haruffa za su fito a warwatse, kowanne shi kaɗai. A sa dir="rtl" don rubutu ya tafi daga dama zuwa hagu, da lang="ha-Arab" don a san Hausar ajami ce.

Ɗan Kwari:
Jama'a, na dawo da labari. Na rubuta wa mai salon, har yanzu shiru, don haka na bar shi a tambarin shago kawai, tunda sunan shagon ba ƙugiya. Kanu na sa Noto Serif mai kauri, jiki Noto Sans, na yanka su da umarnin Yaya Injiniya, ƴ da é suna ciki saboda mutanen Maraɗi. Fayil biyu, kowanne bai kai kilobayit 30 ba. Da la'asar na je shago, na karɓi wayar yaron nan da ta nuna akwati, na buɗe na miƙa wa Alhaji. Ya gyara tabarau ya karanta kan da ƙarfi, ya gangara kan farashin shadda ya ga alamar naira ta zauna, ya ce a bar shi haka. Bai ƙara ta da maganar cire ƙugiya ba.

Saura abu ɗaya. Yaron ne zai riƙa ɗora sababbin kaya, kuma madannan wayarsa ba su da ƙ.

Mai Gyaran Waya:
Ya shiga saitin madannan waya na Gboard, wurin harsuna, ya ƙara Hausa. In bai gane ba ka turo shi gobe bayan azahar, in saita masa.

Mai Zane:
Ɗan Kwari, turo mini hoton kan in gani. In Noto Serif ɗin ya zauna da kyau a kan hoton atamfa, akwai shafuka biyu nawa da zan koma in gyara.